Kafin a raba wa almajirai waya, a naɗi muryar alarammomi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina riƙe da makarantar allo a unguwar Birni, nan Damagaram, wadda na gada wurin mahaifina. Yanzu duk inda aka zauna kan karatun addini, maganar ɗaya ce: a zamanantar, a sa wa yara Alƙur'ani cikin waya. Ban ƙi ba, ni ma da ita nake sauraren tafsiri. Sai dai akwai abin da masu maganar ke tsallakewa.

Mu da ruwayar Warshu, ɗaya daga cikin hanyoyin karanta Alƙur'ani, muke karatu, da rubutun da muka gada: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yawancin manhajojin da yara ke saukewa kuwa da ruwayar Hafsu suke buɗewa, da rubutun gabas, inda ɗigo ɗaya a sama fa ce. Yaron da bai gama babbaƙu da farfaru ba ya rubuta allonsa da safe, da dare ya ɗauki wayar yayansa ya ga harafin da ya sani ya sake suna, ya ji ƙari'i na jan abin da malaminsa bai ja ba. Washegari sai ya zo da tilawa a cakuɗe. Duka ruwayoyin biyu ingantattu ne, amma kolo ba ya ɗaukar biyu lokaci guda. Manhajojin Warshu suna nan, sai dai sai wanda ya san bambancin ke nemansu, iyaye da yawa kuwa ba su sani ba.

Ga abin da nake roƙo. Muna da alarammomin da suka rubuta Alƙur'ani da ka, wasunsu gani ya fara rauni. A zauna da su a naɗi karatunsu sumuni-sumuni, a haɗa da fassarar littattafan fiƙihu, wato Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala, yadda ake biya su da Hausa a zaure. A zuba cikin katin waya mai aiki ba da intanet ba, domin almajirin da ke neman na tuwo ba shi da kuɗin data, wuta ma ba kullum ba.

Ɗaliban Jami'ar André Salifou da suka iya kwamfuta, wannan ba zai gagare ku ba. Ku zo ranar Alhamis da babu karatu, ni zan raka ku gidajen malaman.

Wassalam.

Wani malamin allo,
Birni, Damagaram