Wasiƙa daga Garwa a kan masu haura gida da dare

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan zafin Garwa ne da ka sani, tun watan Maris kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Hajiya tana nan lafiya, na je na gaishe ta ranar Juma'a.

Na ga saƙonka a kan gidan da aka haura a layinmu, har kana cewa da kai ne, da ba su fita da ƙafarsu ba. Na san ciwon abin ne ya sa ka faɗi haka, amma ka daɗe ba ka gida. Masu shigowa yanzu ba ɓarayin kaji ba ne. A ƙungiya suke zuwa, da adduna, wani sa'in da bindiga, galibi sun sha tramol idonsu ya rufe. Wanda ya fi hatsari a cikinsu shi ne wanda ya lura ka gane fuskarsa. Maƙwabcin namu farkawa ya yi da hasken tocila a ido, sanyin adda a wuya, yaransa na kwance a gefensa. Ya miƙa makullin babur da wayoyi bai ce uffan ba. Wasu a majalisa suna ce masa rago. Wallahi ni a wurina namijin duniya ne, domin da safe duk gidan sun tashi da ransu. A ƙauyukan Mayo-Rey, wajen Tuboro, da tsallaken iyaka a Mayo-Kebbi ta Cadi, abin ya fi haka muni: zargina, wato 'yan fashin daji, mutum suke ɗauka, sai an sayar da garke a fanso shi.

Ba ina nufin a naɗe hannu ba ne. A hadisin da Muslim ya ruwaito, wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) idan mutum ya zo ƙwace masa dukiya, ya ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya yaƙe shi, in an kashe shi ya yi shahada. Amma malamanmu na Malikiyya suna ƙarawa da cewa ana fara haɗa mahari da Allah in da hali, kuma abin da ihu zai kora ba a kai shi ga makami. Dokar ƙasa ma kusan nan ta tsaya. Sashe na 84 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru, wanda aka sabunta a 2016, ya wanke wanda ya kare kansa ko wani ko haƙƙinsa, muddin harin yana gudana a lokacin kuma martanin bai fi ƙarfin harin ba. Kisa kuwa sai in akwai tsoron mutuwa, ko mummunan rauni, ko fyaɗe. Wanda ya nufi ɗakin matarka da adda, sare shi da abin da hannunka ya samu, ba ka da laifi ko a nan ko a gaban Allah.

Inda nake rabuwa da mutanen unguwa shi ne bayan nan. Ɓarawon da ya juya baya yana neman katanga, ko wanda aka riga aka ɗaure, ba ya barazana ga kowa. A taru a kansa da goruna, wani ya kawo taya da fetur, wannan kisan kai ne. Sau da yawa ma ihun "ɓarawo!" kawai aka ji, babu wanda ya ga abin da ya ɗauka. Abin yana ci mini rai ƙwarai. A kai shi wurin jawro, wato mai unguwa, ko jandarma, ko da kuwa muna ƙorafin sakinsu da wuri.

Maganar kuɗin da ka ce za ka turo wa ƙanenka ya sayi bindigar gargajiya, don Allah ka bar ta. Riƙe bindiga ba izinin hukuma laifi ne, kuma yaron yana da saurin hannu, wata rana ɗan gida zai dawo da dare. Turo kuɗin a ƙara tsawon katangar Hajiya ta baya, a sa ƙofar ƙarfe mai sakata biyu a zaure, da fitila mai aiki da hasken rana. Na riga na sa mata 117 na 'yan sanda da 113 na jandarma a waya, kuma mun raba usur gida-gida a layin. Magini na jira, sanar da ni kafin damina ta faɗi.

A gaishe mini da amarya da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Garwa