Sanarwa kan odar kifin ƙanƙara

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Masu haɗa kuɗin kifin wannan watan, a kula. In kwalinku ya iso kuka ga an rubuta mackerel, kada ku ce an canza muku kaya. Shi ne dai wanda muke kira Titus. Wannan suna Turancinmu ne na Najeriya. A Ingila ko Nowe, inda ake kamo irinsa, yawancin masu sayar da kifi ba su san wannan sunan ba. Akwai kuma Titus na gwangwani, wanda sardin ne daga Maroko, kifi daban ne.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne da kote. Ku duba bayan kifin: Titus yana da baƙaƙen zane masu lanƙwasa a kan shuɗi-shuɗi, jikinsa sumul, ga maiƙo. Kote kuwa, in kun shafa gefensa wajen wutsiya, za ku ji layin ɓawo mai kaushi. Ni dai a miya Titus nake so, kote a bar wa suya.

Kowa ya rubuto wanda yake so kafin Juma'a. Allah ya bar zumunci.