Ƙwallon raga na rairayi: a duba yashin tukuna kafin a ƙirga lambobin yabo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ɗan sam mana fili a jaridar nan mai farin jini, mu yi magana kan wani wasa da ake yi wa kallon ɗan rakiya duk lokacin da aka taru gasar wasanni ta nahiya ko ta yanki, wato ƙwallon raga na rairayi, wanda wasu ke kira na bakin teku. In an zo rahoton gasa irin Wasannin Afirka, guje-guje da ƙwallon ƙafa da dambe ke cinye shafi, shi kuwa sai a ba shi layi biyu: ƙasa kaza ta ci zinare, ƙasa kaza azurfa. Da yawa daga masu shirya gasa ma haka suke ɗaukarsa, wai ƙwallon raga ne na cikin ɗaki aka fito da shi waje aka zuba masa ƙasa. Kama da wane kuwa ba ta wane. Daga wannan zaton ne kusan duk ɓarnar da ake gani a filinsa take tasowa.

Wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, ya shiga Wasannin Afirka a Maputo a 2011, aka sake yinsa a Brazzaville a 2015, da Maroko a 2019, da kuma Accra a gasar 2023 da ba a samu yi ba sai watan Maris na 2024. A Maroko ne Sainey Jawo da Mbye Babou Jarra suka ci wa Gambiya zinare a ɓangaren maza, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan uku ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum biyu ne tawaga, babu ɗan canji, don haka ƙaramar ƙasa ba ta buƙatar tara 'yan wasa goma sha biyu kafin ta kara da manya. Sai dai inda mutum biyu ne kacal, aibu ɗaya a fili ko a jadawali ya isa ya fitar da ƙasa daga gasa ba tare da an fi ta iyawa ba.

Mu fara da yashin, don shi ne uwa. Filin wasa mita 16 ne a tsawo, 8 a faɗi. A manyan gasa ana barin sarari na mita 5 zuwa 6 a kowane gefe, shi ma duk yashi, saboda 'yan wasa na bin ƙwallo har can su faɗi. In an ɗauki mafi ƙaranci, ana maganar wuri mai mita 26 da 18, wato murabba'in mita 468. Doka ta ce zurfin yashi kada ya gaza santimita 40. Lissafin ya kai kimanin kubik mita 187, wanda a nauyi ya doshi tan 300, ko lodi goma sha biyar na tifa mai cin tan 20. Wannan na fili ɗaya ne, ba a sa filin ɗumi ba, wato inda ake ɗumama jiki kafin wasa. Duk kwamitin da ya rubuta “yashi” a layi ɗaya a ƙarshen kasafinsa bai yi wannan lissafin ba, kuma abin da ke biyo baya sananne ne: a shimfiɗa santimita 20 a kan daɓe ko ƙasa mai tauri, a ce ai ido ba zai gane ba. Gwiwa za ta gane. Ɗan wasa ya yi tsalle ya dira, ƙafarsa ta nutse ta tarar da tauri, nauyin ya koma idon sawu da gwiwa da gadon baya.

Ba kowane yashi ba ne kuma. Yashin gini ƙwayarsa na da kaifi da kusurwa, shi ya sa yake kama siminti, shi ya sa kuma yake kankare fata, yake haɗe kansa ya taurare bayan wasa kaɗan. Wanda ke da laka ko yumɓu a ciki ya fi muni, don da an yi ruwa rana ta buge shi sai ya zama kamar daɓe. Wanda ya cika laushi yakan tashi ƙura, ya shiga ido, ya manne a jiki mai gumi. Abin da ake nema shi ne yashi wankakke, tankaɗaɗɗe, mai ƙwaya matsakaiciya da ba ta da kaifi, wanda ke gocewa a ƙarƙashin ƙafa. Gwajinsa bai buƙatar wata na'ura. A jiƙa shi a dunƙula a hannu, in ya tsaya curi bai wargaje da ɗan taɓi ba, akwai laka. Ko a zuba rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza a ajiye. Yashi zai kwanta nan take, laka ta taru a samansa daga baya, kaurinta ya nuna yawanta. Launi ma abin dubawa ne: mai duhu yana shan zafi, fari fat kuma yana kashe ido.

Wasu na zaton in gasa a bakin teku take, an huta da duk wannan. Ba haka ba ne. Gaɓar teku a karkace take zuwa ruwa, sai an baje ta da ma'auni. Akwai ɓawon kifi da fasassun kwalabe da ƙusoshi, sai an tankaɗe har ƙasa, ba saman kawai ba. Sai kuma a san iyakar inda ruwa ke kaiwa in teku ta cika, kada a wayi gari rabin fili a jiƙe. Inda kuwa babu teku, ba matsala ba ce, an yi wasan a tsakiyar Landan a 2012 da gindin hasumiyar Eiffel a Paris a 2024. Amma can dole a yi wa ruwa hanya: tsakuwa a ƙasa, bututu masu huji a cikinta, a shimfiɗa ƙyalle mai tace ruwa, sannan yashi. In an tsallake ƙyallen, tsakuwa za ta haura sama cikin 'yan kwanaki, kuma babu takalmi a ƙafar kowa.

Raga tsayinta mita 2.43 ne ga maza, 2.24 ga mata, daidai da ta cikin ɗaki. Bambancin shi ne a nan ƙasa tana motsi. 'Yan wasa na tone gindin raga da wurin bugun sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, yashi ya taru a wani gefe. Saboda haka sai an bi da manjagara an baje sannan a auna, a tsakiyar fili, kuma gefunan biyu kada su ɗara tsayin doka da fiye da santimita 2. Wanda ya auna sau ɗaya da safe ya tafi, da la'asar ragarsa ba ta kan doka. Sandunan da ke riƙe raga ana kafa su santimita 70 zuwa mita ɗaya daga layi, a naɗe su da katifa, kuma ba a ɗaure su da waya zuwa ƙasa. Layin fili kintinkiri ne mai faɗin santimita 5, ba fenti ba, ba farar ƙasa ba. Abin da ke riƙe shi a kusurwa a binne yake, ko ya zama mai taushi. Turken ƙarfe da ya leƙo daga yashi ya sha fasa tafin ƙafa.

Sai alƙibla. Tsawon fili ya bi kudu da arewa, don kada ranar safe ko ta yamma ta tsaya a idon ɓangare ɗaya. Iska kuwa ba a iya kawar da ita, shi ya sa ake musayar gefe duk bayan maki 7, a turmi na uku duk bayan maki 5. Wanda bai san wasan ba zai ce mai iska a bayansa ya more. Akasin haka ne: mai fuskantar iska shi ke da gefe mai kyau, don yana iya dukan ƙwallo da ƙarfi iska ta danne ta cikin fili, shi kuwa wancan tasa tana wucewa waje. Babbar rumfar 'yan kallo da aka kafa a gefe ɗaya kawai takan sa iska ta riƙa juyi, sai babban fili ya bambanta da na ɗumi.

Jadawali shi ne wuri na biyu da ake cutar 'yan wasa. A ce tawaga 16 ce a maza, 16 a mata, rukuni huɗu-huɗu. Kowane rukuni wasa 6, wato 24 a maza, 24 a mata, jimilla 48 kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale. In an ba kowane wasa awa ɗaya har da ɗumi da gyaran yashi, fili biyu za su ci awa 24 kowannensu, wato awa takwas-takwas na kwana uku. Awa takwas ba ta shiga tsakanin safiya da maraice sai an ratsa tsakar rana, lokacin da yashi ya fi iska zafi nesa ba kusa ba, har yana sa tafin ƙafa ya yi bororo. Mafita uku ce: a ƙara fili na uku, a ƙara kwana, ko a sa fitilu a yi wasan dare, kuma hasken da ake buƙata a manyan gasa ya kai 1,000 zuwa 1,500 a ma'aunin haske na luks. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ukun kuɗi ne da sai an tanada tun farko. Abin da ba ya cin kuɗi sosai shi ne tiyo da ruwa a gefen kowane fili don a jiƙa yashi tsakanin wasa da wasa, da laima a kujerar 'yan wasa, da ƙanƙara. Alƙali yana da ikon ƙyale safa. Akwai kuma hutun daƙiƙa 30 idan jimillar maki ta kai 21 a turmi na ɗaya da na biyu, ban da hutu ɗaya da kowace tawaga ke iya nema a turmi. A rana mai zafi, alƙalin da ke gaggauta waɗannan don a cim ma jadawali yana wasa da lafiyar mutane. In ɗan wasa ya ji rauni, lokacin jinyarsa bai wuce minti biyar ba. In bai iya tashi ba, wasa ya ƙare, an ba abokan karawa.

Ƙwallon ma dabam take. Kewayenta santimita 66 zuwa 68, nauyinta giram 260 zuwa 280, matsin iskar cikinta kilo 0.175 zuwa 0.225 a kan kowane murabba'in santimita, alhali ta cikin ɗaki ana hura ta 0.30 zuwa 0.325. Mai famfo da ya saba da waccan zai cika ta har ta yi tauri. A auna da geji, kuma a ajiye ƙwallaye a inuwa, don rana na ƙara musu iska.

Yanzu ga inda 'yan kallo ke yi wa alƙali ihu a kan gaskiyarsa. Turmi biyu na farko a maki 21 suke, na uku a 15, da ratar maki biyu. Taɓi uku ne, amma tarewar da aka yi a bakin raga ana ƙirga ta ɗaya, saura biyu. A cikin ɗaki ba a ƙirga ta. Ba a yarda a tura ƙwallo ƙetare da buɗaɗɗun yatsu ba, sai da dunƙulen yatsu ko bayansu ko tafin hannu. Wanda zai tsallakar da ita da ɗagawar hannu biyu, dole ta bi saitin kafaɗunsa, gaba ko baya. Ɗagawa da yatsu ita ce ta fi jawo gardama, don a nan ana tsananta wa taɓi biyu da riƙewa fiye da can, sai dai in ƙwallo ce mai ƙarfi aka doko, a nan akwai sassauci ga mai karɓa. Babu layin tsakiya, ɗan wasa na iya shiga ƙarƙashin raga muddin bai tare wa abokin karawa hanya ba. Babu juyin matsayi, sabis kawai ake karɓa-karɓa. In an yi musu kan ƙwallo ta faɗa ciki ko waje, alƙali na iya saukowa ya duba shaidar da ta bari a yashi, don haka ɗan wasan da ya share ta da ƙafa ya ja wa kansa hukunci. Alƙalin da aka ɗauko daga wasan cikin ɗaki ba tare da horo ba, a waɗannan wuraren yake tuntuɓe, kuma maki biyu ko uku sun isa juya turmi.

Yatsun da ɗan gaba ke nunawa a bayansa kafin sabis ba ado ba ne. A al'ada, yatsa ɗaya na nufin zai tare dukan da ke bin layin gefe a miƙe, biyu zai tare wanda ke ratsa fili a karkace, kowane hannu na wakiltar ɗaya daga abokan karawa. Mai ɗaukar hoton da ke jefa wannan a babban allon fili yana tona asirin tawaga.

Batun sutura ya hana wasu iyaye da hukumomi tura mata, alhali tun 2012 hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ta buɗe ƙofar riga mai hannu da wando. Doaa Elghobashy ta Masar ta buga a Rio a 2016 da dogon hannu da dogon wando da hijabi, kuma tana cikin matan biyu da suka ci wa Masar zinare a Wasannin Afirka na 2019. Abin lura kawai shi ne yadin ya zama mara nauyi mai fitar da gumi, kuma abokan wasa biyu su sa iri ɗaya, lamba 1 da lamba 2.

Roƙonmu ga wakilanku, Malam Edita, shi ne idan za su kawo sakamako su rubuta makin kowane turmi da lokacin da aka buga, kada su tsaya a “biyu da nema”. A zagayen rukuni, wanda ya ci wasa yana samun maki 2, wanda aka ci kuma maki 1, kuma in tawagogi sun yi kunnen doki sai a koma ga abin da aka ci da abin da aka zubar a turame. Tawagar da aka ci 21 da 19 ba ɗaya take da wadda aka ci 21 da 9 ba, kuma sau da yawa wannan ratar ce ke raba mai wucewa da mai haɗa kaya.

Mun gode, a huta lafiya.

Daga wasu masu horarwa da alƙalancin ƙwallon raga.