Kun manta da Habasha a shirin Yaƙin Duniya na Biyu

Ya Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na tarihi na daren Lahadi ya ɓata min rai ƙwarai. Malamin da kuka gayyato ya daɗe yana bayanin yadda aka yi ta tara makamai kafin Yaƙin Duniya na Biyu, amma ko sau ɗaya bakinsa bai furta Habasha ba. Daga hawan Hitila mulki a 1933 sai ya tsallaka taron Munich na 1938, daga nan sai Poland ranar 1 ga Satumban 1939. Haba malam! Jinin baƙar fata ba ya shiga lissafi ne?

Ranar 3 ga Oktoban 1935 Musolini ya tura sojojin Italiya cikin Habasha, ƙasa mai cin gashin kanta, mai kujera a majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani da ke Geneva. Jiragensa suka yi ta feso iskar guba a kan mayaƙa da mutanen ƙauye, har asibitocin Red Cross ba su tsira daga bama-bamai ba. Majalisar ta ƙaƙaba takunkumi, amma ta tsame man fetur, alhali shi jirage da tankokin ke sha. Ingila kuwa ta bar mashigin Suez a buɗe, jiragen ruwan Italiya na wucewa da sojoji. A Disamban shekarar ma, ministocin harkokin waje Hoare na Ingila da Laval na Faransa suka ƙulla a asirce za a yanki babban rabo na Habasha a miƙa wa Musolini, sai asirinsu ya tonu. Da Sarki Haile Selassie ya tsaya kai kukansa a Geneva a Yunin 1936, 'yan jaridar Italiya ihu suka yi masa, kuma wata na zagayowa aka janye takunkumin.

Hitila na kallon duk wannan. Ana tsakiyar yaƙin Habasha, a Maris na 1936, ya shigar da sojojinsa Rhineland, yankin Jamus da aka haramta girke soja a cikinsa, babu wanda ya ɗaga masa yatsa. Turawa sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka ƙi shafa wa nasu ruwa, don ba su ɗauki Bahabashe ɗan'uwa ba.

Abin ya taɓa ni ne saboda kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikin sojojin Najeriya da suka bi ta Mogadishu suka shiga birnin Harar na Habasha a 1941. Lambobinsa na nan cikin tsohon gwangwanin taba, zaren jikinsu ya koɗe. In ya tuna ƙishirwar da suka sha a bayan motar soja kan wannan hanya, sai ya ajiye kofin shayinsa ya yi shiru. 'Ya'yana na zaune da ni muna sauraronku, ƙaramin ya ce, "Baba, ina wurin da Kaka ya je?" Me zan ce masa?

Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiya da kuke katse shirin da shi, mutum na tsakiyar fahimta sai a shiga tallan maganin basir. Layin kiran ma kullum a cike yake.

Ina roƙo ku ware shiri guda a kan Habasha, ku gayyato wanda ya san tarihinta.

Mai sauraronku daga Gusau.