Wasiƙar Babbar Sallah daga Koriya ta Kudu

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan an yi Sallah lafiya. Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana.

Mun yi Idi a babban masallacin Seoul da ke unguwar Itaewon, daga nan kowa ya kama hanyar wurin aikinsa, domin a ƙasar nan babu hutun Sallah, kuma babu mai kayar da rago a ƙofar gidansa. Na san warhaka an feɗe an rataye, Inna kuma ta ɗora kaskon kayan ciki. Hantar nan da ake fara miƙo mana da zafinta, a barbaɗe ta da yajin ƙuli, ita ce ta hana ni sakat tun safe.

Da nake yi wa abokan aikina bayanin layya, sai wani dattijo ya kawo zancen wata miyar naman kare da suke kira bosintang, wadda tsofaffinsu ke sha a tsakiyar zafi, wai tana ƙara ƙarfi. Samarin wurin duk suka ɓata fuska, domin a yau cikin keken jarirai ake tura kare a titi, sanye da riga. A Janairun 2024 majalisarsu ta haramta kiwon kare da yanka shi da sayar da shi don ci, kuma daga 2027 wanda ya yanka zai iya shan ɗaurin shekara 3 ko tarar won miliyan 30 a kuɗinsu, ko da yake masu gonakin kiwon karnukan suna kukan an toshe musu hanyar abinci.

Ban yi wa dattijon dariya ba, tunda mu ma mun san masu zagayowa ƙauyuka suna sayen karnuka, su cusa su a keji zuwa kasuwar Dawaki ta Jihar Filato. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne azabar, domin a gonakin nan kare yakan ƙare rayuwarsa a kejin waya, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, daga bisani a kashe shi da lantarki. Sai na ba su labarin yadda Baba ke wasa wuƙa a bayan rumbu, ya shayar da rago ruwa, ya hana a yanka ɗaya a gaban ɗan'uwansa. Ina roƙo kada a sayar wa masu sayen karnukan nan da karen gidanmu, ko da ya tsufa, kuma a jefa masa ƙashi yau.

A gaishe mini da Iya ƙwarai, a gaya mata angonta bai manta da goronta ba, kuma ta daina fita cikin ruwan sama da ciwon ƙafar nan. Ina gaida Kawu da Gwaggo da Liman da maƙwabta. Auta kuwa, idan Yaya ya shiga Ringim ran kasuwa zai karɓo masa barka da Sallarsa.

Wassalam,
Ɗanku.