Daji a bakin birni: a taka shi kafin a yanka shi filaye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Na karanta shafinku na kiwon lafiya na makon jiya, inda aka ja hankalin jama'a su riƙa tattaki ko da na rabin sa'a ne a rana. Shawara ce mai kyau, ba ni da ja. Sai dai marubucin bai ce komai ba game da inda za a yi tattakin. Mutumin birni in ka ce masa ya taka, gefen titi zai bi, yana shaƙar hayaƙi yana kauce wa ababen hawa. Alhali birane da yawa suna da daji a ƙofar gida, kuma akasarin mazaunansu ba su taɓa sa ƙafa a ciki ba.

Ni ma a cikinsu nake, sai da aiki ya kai ni Nairobi, babban birnin Kenya. Wata safiyar Asabar wani abokin aiki ya matsa mini lallai sai mun je dajin Karura. Da na ji an ce daji, na ɗauka wuni za mu yi a mota. Ashe 'yan kilomitoci ne daga tsakiyar birnin, dab da Gigiri inda ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya suke. Muna shiga, ba mu yi nisa ba ƙarar motoci ta dushe, sai kukan tsuntsaye da motsin ganye. An yi ruwa da dare, jar ƙasar hanyar ta yi laushi, ni kuwa da takalmin ofis na zo. Kafin mu kai ga rafi, taɓo ya manne masa har ya yi nauyi kamar na ɗaura tubali a ƙafa. Abokina yana ta dariya, ina kankare shi da tsinke. Ina duƙe a nan ne na ɗaga kai, sai ga wani biri mai baƙi da fari a kan reshe, doguwar jelarsa na reto, yana kallona kamar ni ne abin kallon. Muka wuce wajen da ruwa ke zubowa daga kan dutse, muka leƙa kogwannin da ake cewa mayaƙan Mau Mau sun ɓuya a ciki lokacin gwagwarmaya da Turawan Ingila. Gani ya kori ji.

To amma ba daɗin wurin ya sa na rubuto ba. Tarihinsa ne ya tsaya mini a rai.

Dajin nan, mai faɗin hekta kusan 1,000, saura ƙiris ya zama rukunin gidaje. A shekarun 1990 an yi ta yankar ɓangarorinsa a ɓoye ana ba masu gine-gine. Marigayiya Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt Movement a 1977, ita ta ja mata da ɗalibai suka ce ba su yarda ba. A watan Janairun 1999 ta je dasa itatuwa a bakin dajin, 'yan daban da aka ajiye gadi suka far musu, aka fasa mata kai. Ba ta fasa ba. A 2004 ta zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya.

Duk da wannan nasara, Karura ya ci gaba da zama wurin da ake tsoro, maɓoyar ɓarayi. Sai a 2009 mazauna kewayen suka kafa ƙungiya, suka haɗa hannu da hukumar gandun dajin ƙasar. Aka kewaye shi da shinge, aka ɗauki masu gadi, aka share hanyoyi aka sa wa mararraba lambobi. Shingen ya yi aikinsa, amma a ganina ƙafafun jama'a sun fi shi tsare dajin. Ranar da muka je na ga tsofaffi da sanda, na ga masu gudu, na ga uwa tana tura keken jariri. Wa zai iya sayar da wannan wuri yau ba a ji kansa ba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar bangon daji ita ce a daina shigarsa.

Ba Nairobi kaɗai ba ce. Dajin Tijuca da ke cikin birnin Rio de Janeiro a Brazil ma mutane ne suka dasa yawancinsa. An sare na asali aka yi gonakin kofi, ruwan sha ya yi wa birnin ƙaranci, dole a 1861 Sarki Pedro na Biyu ya sa aka fara sake dashe. Abidjan ma tana da dajin Banco a cikinta.

Gargaɗi ɗaya zan yi wa duk wanda wannan wasiƙa ta zaburar. Kusancin birni yana ruɗin mutum ya raina daji. Mu kanmu da hira ta yi daɗi mun daina duba lambobin mararraba, sai muka tsinci kanmu muna zagaye wuri guda, ruwan gorarmu ya ƙare. Abin haushi, muna jiyo ƙahon motoci daga nesa amma ba mu san ta ina za mu ɓulla ba, sai da wani mai gadi ya sa mu a hanya. Duhu kuma yana rigan magariba sauka a ƙarƙashin itatuwa. Saboda haka a shiga da wuri, a faɗa wa wani inda aka nufa, a ɗauki hoton taswirar da ke bakin ƙofa. Birai kuwa a bar su da abincinsu, don wanda ya saba karɓa a hannu ƙwace yake komawa yi.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka tura wakili da mai ɗaukar hoto su taka dajin da ya fi kusa da ofishinku. Su gaya mana ta ina ake shiga, ko akwai tsaro, wace hukuma ke riƙe da shi, da kuma ko faɗinsa a yau ya kai abin da ke rubuce a takarda. Su dai tafi da takalmin da ya dace.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarku kullum