Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga otal ɗin titin filin jirgin Abuja da na bar wa amanar motata

Assalamu alaikum.

Yallaɓai Manaja, da duk mai hannu a tafiyar da wannan otal,

Na fito fili da wannan maganar ne saboda na bi ta sirri ban ga komai ba. Na kira waya, na tura saƙo da hotuna ta WhatsApp, na yi magana da wanda aka ce min shi ne mataimakinka, kullum amsar ɗaya ce, "Alhaji ka yi haƙuri ana dubawa", ana ta gafara sa har yau ban ga ƙaho ba. Ban rubuta sunan otal ɗinku ba don akwai yaran da ke cin abinci a wurin waɗanda ba su da laifin komai, kuma ina so in bar muku ƙofar gyara. Amma kun san kanku, lambar bukin ɗina tana cikin wayarku.

Abin da kuka tallata a Facebook shi ne: ka kwana a wurinmu, mu kai ka filin jirgi da asuba a motarmu, ka bar motarka cikin harabarmu da maigadi da kyamara har ka dawo, kuɗi ɗaya. Haka kuka rubuta, kuma haka yarinyar resefshon ta maimaita min a waya kafin in yi tiransifa. Ni ba gado mai laushi na zo nema ba wallahi, gado akwai shi a gidana a Kaduna. Kwanciyar hankali na saya.

Ina ganin ba ku san abin da yake sa mutanen Kaduna da Zariya da Kano suke zuwa wurinku ba, ko kuma kun sani kun yi biris. Jirginmu na Landan na safe ne, za mu je hutu wurin ƙanwata ni da maiɗakina da yara da Hajiyarmu, kuma duk wanda ya taɓa fita waje ya san ana so ka isa awa 3 kafin tashi, suna rufe kanta tun da sauran kamar awa ɗaya, in ka makara ba mai sauraron magiyarka. Daga Kaduna zuwa Abuja kusan kilomita 200 ne, to wane mai hankali ne zai ɗebi iyalinsa da tsakar dare ya bi ta Rijana da Katari da Jere don ya cim ma jirgin safe? Kowa ya san abin da hanyar nan ta gani na masu garkuwa da mutane, ga aikin titin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wani wurin sai an haɗe ku hannu ɗaya da manyan motoci. Na yi tunanin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, to amma ga akwatuna, ga tsarabar kuka da kuɓewa da yaji da Hajiya ta ce sai an kai wa 'yarta, ga ita kanta Hajiyar ƙafa ta matsa mata ba ta iya doguwar tsayuwa, kuma tun harin da aka kai wa jirgin ƙasan a watan Maris na 2022 ba ta yarda ta hau shi ba. Shi ya sa muka taso da rana tsaka, muka bi ta Zuba muka karya ta Giri muka shigo titin filin jirgi kafin magariba. Mutum irina shi ne kasuwarku. Filin jirgin Nnamdi Azikiwe kusan kilomita 40 ne daga tsakiyar gari, da ina son kwana kawai ai ina da 'yan uwa a Kubwa, kusancin da alkawarin motar asuba da wurin fakin su suka kawo ni.

Maganar ɗaki ba zan daɗe a kanta ba. Ɗakuna biyu kusa da juna a ƙasa na biya saboda Hajiya, aka ba mu ɗaya a ƙasa ɗaya a hawa na biyu, ba lifta. Wuta ta ɗauke cikin dare ba a tada janareto ba sai da na sauko da kaina. Wannan na yafe, Najeriya ce, kowa ya san halin da ake ciki da wuta da dizal.

Wanda ban yafe ba na farko shi ne motar asuba. Tun da daddare na tsaya a resefshon na tabbatar, aka rubuta sunana a littafi, aka ce ƙarfe 4:30 direba zai tsaya a ƙofa. Ƙarfe huɗu da kwata mun sauko da kaya, yara na gyangyaɗi a kan akwatuna, ana yayyafi, ba kowa a resefshon ɗin sai wani yaro kwance a kan kujera ya lulluɓe da labule. Na tashe shi, ya ce shi bai san da wata mota ba, ba a faɗa masa ba. Na nuna masa littafin da sunana a ciki da hannun abokiyar aikinsa. Ya kira direba wayar a kashe, ya kira wani aka ce ai direban ya tafi gida da motar can wajen Gwagwalada tun daren jiya. Yallaɓai ka sa kanka a matsayina, tikitin mutum shida zuwa Ingila a wannan canjin da ake ciki, ga biza da aka sha wahala kafin ta fito, agogo na tafiya, ka tsaya gaban yaron da ba abin da yake iya ce maka sai "sorry sa". Na ce to a ba ni makullin motata in kai su da kaina in ya so in bar ta a fakin ɗin FAAN, hukumar filayen jiragen sama, in biya kuɗin kwana, aka ce makullin yana ofishin manaja a kulle, manaja sai ƙarfe takwas.

Maigadinku ne ya cece mu, dattijon nan mai hula ja, Allah ya saka masa da alheri. Shi ya fita cikin ruwa ba lema ya tsaya bakin titi har ya samo mana tasi guda biyu, ya taya mu loda kaya, ya riƙe hannun Hajiya har ta shiga. Masu tasin sun ga halin da muke ciki suka tsuga kuɗi, ban tsaya ciniki ba, har kuɗin tolget ɗin filin jirgi ni na biya. Mun isa ana dab da rufe kanta, sallar asuba ma a gurguje muka yi ta, Hajiya kuwa numfashinta sai da ya daɗe kafin ya daidaita. Ba a kira ni daga otal ɗinku an ce ya kuka ƙare ba, ko saƙo ɗaya.

Duk da haka na ce ba komai, tunda mun samu jirgi. Da a nan abin ya tsaya da ba ku ga wannan wasiƙar ba.

Motar ce.

Ranar da muka sauka a otal ɗinku na faka ta cikin haraba ƙarƙashin rumfa, daidai inda ma'aikacinku ya nuna min, na ce zan tafi da makullina, kuka ce doka ce sai an bar shi ko da gobara za ta tashi a buƙaci matsar da mota. Maganar ta yi ma'ana na miƙa. Kafin in miƙa na ɗauki hoton dashbod, kilomita da allurar mai duk sun fito, na zagaya motar da bidiyo a gaban ma'aikacin, na cika tanki a Tafa don kada in dawo da gajiya in tsaya neman mai, kuma kun san tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 cika tanki ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi.

Da muka dawo ban ga motata a rumfa ba. Wata ce daban a wurin. Gabana ya faɗi, na tambaya aka ce "tana waje sa". Waje ina? Bayan katangarku, gefen kwata, inda masu kwandon shara suke tara kaya, ba kyamara ba fitila ba kowa. Tayoyin sun nutse cikin taɓo, gilashin baya na gefen direba ba a rufe shi duka ba an bar tsaga kamar yatsa biyu, kuma watan Agusta ne, kun san ruwan Abuja. Da na buɗe ƙofa warin danshi ne ya fara bugo ni, kujerar baya ta jiƙe har ta fara fumfuna, dardumar sallar da nake ajiyewa a wurin ta yi baƙi. Kujerar direba an tura ta baya sosai, ni ba dogo ba ne ban taɓa tuƙi a haka ba. Madubi an juya. Rediyo na kan wata tasha da ban taɓa kamawa ba. Ƙarƙashin kujera ga ledar fiya wata guda biyu da ɓawon gyaɗa. Allurar mai da na bari a sama ta sauko ƙasa da kwata, kilomita kuwa ta ƙaru da abin da ya fi tafiyar Abuja zuwa Kaduna da dawowa. A bamban baya ga gurzuwa sabuwa fil, da fentin wata mota kore a jiki.

Matsar da mota daga rumfa zuwa bayan katanga ba ya cinye tanki. An hau motata an yi yawo da ita, ko an yi kabu-kabu, ko an riƙa kai baƙinku filin jirgi da ita tunda taku motar ba ta nan, ku kuka san wanne ne. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, da wanda ya ɗauke ta ya kaɗe mutum a hanya, ko an kama shi da wani mugun abu a but, lambar wa 'yan sanda za su bi? Takardun motar sunana ne a kai. Ina can wata ƙasa hankalina kwance ina yawo da yara, ashe ana nan ana ɗaukar min alhakin da ban san da shi ba.

Da na nemi bayani sai aka ce an yi bikin aure a zauren taronku ana buƙatar fili shi ya sa aka fitar da motoci. To ai ni ma na biya kuɗin filin, kuma na riga masu bikin biya, kun sayar da wuri ɗaya sau biyu kenan. Kuma in bikin ne, ai kwana ɗaya ake yinsa, me ya hana a mayar da ita washegari? Na ce a nuna min bidiyon kyamara in ga wanda ya fita da ita, aka ce kyamarar ƙofa ta lalace. Na ce a nuna min littafin da ake rubuta shiga da fitar makulli, aka ce babu irin wannan littafin. Sai mataimakinka ya ja ni bayan ɗakin janareto ya nuna min wani ɗan allo da ya koɗe, an rubuta da Turanci wai duk abin da ya sami mota ba ruwan otal. Haba yallaɓai. Allon da aka ɓoye a lungu ba ya goge abin da kuka rubuta a talla da manyan baƙaƙe. Kuma wannan maganar ta wanda ya faka ya tafi da makullinsa ce, amma ku da kanku kuka karɓi makullin daga hannuna da sunan doka, daga wannan lokacin motar ta zama amana a wuyanku, a shari'a ma haka take, a al'adarmu ma haka take.

Bayan duk wannan kuma aka miƙo min takarda wai akwai cikon kuɗin fakin, wai kwana bakwai kawai ke cikin kuɗin da na biya, sauran kowace rana da kuɗinta. Ba a rubuta haka a talla ba, ba a faɗa min a waya ba alhali na gaya muku ranar dawowata tun farko, kuma ba ya cikin risit ɗina. Aka ƙi ba ni makulli sai na biya. Ga Hajiya zaune a resefshon ta kwaso gajiyar jirgi, ga rana na yi, ni kuma dole in shiga Kaduna kafin duhu saboda wannan hanyar dai da ta sa na zo wurinku tun farko. Na sa kati a POS ɗinku ina kallo aka cire, kuɗin ajiyar motar da ta kwana a bakin kwata.

Ga abin da nake nema, kuma ban ƙara ko sisi a kan haƙƙina ba. A mayar min da kuɗin fakin gaba ɗaya har da wannan cikon, da kuɗin tasin da na biya saboda direbanku bai zo ba, da kuɗin man da aka ƙona, a kuma biya fenti da wankin kujeru, risit ɗin mai fenti da na masu wankin duk na tura muku. Sannan ina so a gaya min a rubuce wa ya tuƙa motata kuma ina aka kai ta, don in wani abu ya taso gobe in samu abin nuna wa hukuma. Ba na neman a kori kowa, musamman kada a ɗora wa maigadin nan ko yaron resefshon, makullin a ofishin manaja aka ce yana kwana, to daga can za a fara tambaya.

Sannan saboda masu zuwa bayana, don lokacin Umara na tafe kuma na san mutanenmu za su cika muku ɗakuna da irin wannan tallar: ku rubuta adadin kwanakin fakin ƙarara a talla da risit, ku buɗe littafin makulli da sa hannu, a rubuta kilomitar mota a gaban mai ita ranar da ya ajiye, ku bar direba ya kwana a otal duk daren da kuka yi wa wani alkawarin asuba. In ba za ku iya ba ku cire maganar fakin da mota daga tallarku ku tsaya a hayar ɗaki.

Na ba ku mako biyu daga yau. In ban ji daga gare ku ba zan kai ƙorafina hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da hotunan da bidiyon da risit da duk saƙonnin da muka yi, kuma a lokacin zan faɗi sunan otal ɗin.

Wassalam,
Baƙonku daga Kaduna